Wanda ya rage tuwo don rage teɓa, yaushe zai koma wa kisira?

Tambayar da ta fi yawa a wannan makon daga 'yan kasuwa ta zo, na Shuwak da na Gallabat. Mutum ya bar tuwo da kisira da burodi don tumbi ya sauka, cikin sati biyu sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi. Sai aka yi biki ya zauna ya ci, gari na wayewa kilo biyun sun dawo. Wai wahalar ta tashi a banza ke nan?

Ba ta tashi a banza ba. Amma sai mun fara sanin abin da ya tafi da abin da ya dawo.

Duk abinci mai sitaci, dawa ce ko gero ko alkama ko injerar da ake ci a Matama, idan ya narke sukari yake zama a cikin jini. Daga nan sai wata gaɓa da ke bayan tumbi ta saki sinadarin insulin, shi ne mai buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga tsoka da hanta. Hanta tana ajiye kamar giram 100, tsoka kamar giram 400. To ga inda zancen yake: kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Ka daina tuwo, rumbun ya ragu, ruwan ya bi fitsari, sikeli ya sauka. Ka ci biki, rumbun ya cika, ruwan ya dawo. Yawancin kilo biyun nan ruwa ne. Kitse ba ya zuwa a dare ɗaya, ba ya kuma tafiya a dare ɗaya.

Shi ya sa masu wannan tsari a ƙasashen waje suke ware rana ɗaya a mako su ci sitaci da gangan. Ana ta yi wa ranar nan kirari, wai tana tayar da jiki ya ƙara ƙona kitse. Ni dai amfanin da na gani a fili guda biyu ne: tana cika rumbun tsoka don aiki mai nauyi, tana kuma sa mutum ya jure tsarin. Sauran kirarin kada ya ruɗe ku. A 2018 jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar da sakamakon mutum 609 da aka bi shekara guda, wasu sun rage sitaci, wasu sun rage maiƙo. Na farko sun sauke kamar kilo 6, na biyu kilo 5 da ɗoriya, bambancin bai taka kara ya karya ba. Yawan abin da ka ci a mako shi ne alƙali.

Wace rana za ka zaɓa? Ranar da jiki zai yi aiki. Tsokar da ke motsi tana jan sukari daga jini ba tare da ta jira insulin mai yawa ba. Ranar lodin buhunan riɗi, ko ranar da laka ta riƙe mota ka taka da ƙafa, ranar ce ta kisira. Ranar zama a shago ana lissafi ba ita ba ce. Kuma a ci da awo, malmala ɗaya, da miyar kuɓewa ko ganye, da nama ko wake, a fara da su kafin tuwon. Jikin da ya kwana biyu bai ga sitaci ba, idan ka labta masa lokaci guda sukari yana hawa fiye da yadda ya saba. A raba shi gida biyu ko uku, bayan an ci a ɗan zaga.

Sai shayi, wanda ba mai son a taɓa. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne. Kofi biyar a yini, kowanne da cokali uku, ya zama cokali 15. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce babba kada ya wuce kamar cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Akwai mai barin tuwo yana alfahari, alhali butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi.

Ku makiyaya da ke bin shanu daga Butana zuwa bakin Atbara da Sitit, wannan tsari ba naku ba ne. Mai tafiyar yini yana buƙatar furarsa da nononsa. Haka mai ciki, da mai shayarwa, da yara, da wanda yaƙi ya raba da gidansa yana neman abin da zai kai baki.

Masu ciwon sukari kuwa, ku matso kusa da rediyo. Wanda ke yin allurar insulin, ko yake shan ƙwayar Daonil, kada ya yanke tuwo sai ya ga likita an daidaita masa maganin. Maganin an auna shi ne da abincin da ka saba ci. Ka rage abinci ka bar magani yadda yake, sukari zai faɗi, kuma faɗuwar ta fi hawan saurin kashewa, balle a daji ko a kan hanyar Gallabat. Alamunta gumi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, da rikicewar magana. Mai na'urar awo in ya ga ƙasa da 70, ya sha cokali huɗu na sukari a ruwa, ya jira minti 15, ya sake aunawa. Kada dabino ko ƙullin sukari ya rabu da aljihunsa, abokin tafiya kuma ya san inda yake. In mutum ya riga ya suma, ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa.