Ko Kun Sani? Sauƙin Hayaƙin Babbar Taba Ba Ya Rage Ƙarfinta

Babbar taba naɗin ganye, irin wadda ƙasar Kuba ta yi suna da ita, takan ɗauki ganyen taba giram 5 zuwa 20, wato ƙwaya ɗaya tana iya kai kwalin sigari guda. Mai hali da ya kunna ta a farfajiyar gidansa a Nassarawa GRA yakan kwashe awa ɗaya ko biyu kafin ta ƙare. Idan an ce tana da sauƙi, ɗanɗano ake nufi. Ganyen da ake naɗe irinta da shi, kamar na Konetikat a Amurka, ƙarƙashin rumfar yadi ake noma shi don rana kada ta ƙona shi, sai ya fito siriri, fatsi-fatsi, ba ɗaci. Maƙwabciyarmu Kamaru ma ganyenta na naɗi ya shahara a duniya.

Masu shanta za su ce ai ba sa zuƙar hayaƙin zuwa huhu, a baki suke juya shi su fesar. Gaskiya ne, amma hujjar ba ta da ƙarfi. Ana shanya ganyen a iska, a jibge shi ya ruɓa kaɗan, kuma hayaƙin irin wannan ganye ta fatar cikin baki nikotin ɗinsa ke shiga jini, kamar dai taba gari da tsofaffi ke dannawa a leɓe. Likitoci kuma suna danganta ta da sankarar baki da maƙogwaro. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ma ba ta ware ta ba saboda tsadarta.