Matan Kance da akwatin da aka manta da shi

Duk lokacin da manyan motoci suka sauke mata goye da yara a Asamaka, bakin iyakar Nijar, bayan Aljeriya ta koro su, magana ɗaya ce ke fita bakin mutane: mabarata ne, kwaɗayi ya kai su. A 2024 kaɗai ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutum fiye da 30,000, 'yan Nijar da na wasu ƙasashe, da aka koro ta wannan iyaka. Cikin matan Nijar, da yawa 'yan ƙasar Kance ne, a jihar Damagaram.

Wane irin kwaɗayi ne zai sa uwa ta ratsa Sahara da jariri a baya? A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar, 52 yara, 33 mata. Hanyar ba ta mutu ba. Dalili kuwa, jama'a sun yi wa ƙasar Kance yawa, gonar gado an raba ta har ta koma kamar tabarma, rumbu kan ƙare tun kafin bazara. A Aljeriya kuma, mai ciki marar takarda tana gudun awo don tsoron kamu. Ta dawo da ciwo, ga bashin kuɗin mota.

Abin da ke ba ni haushi shi ne maganin a gida aka haife shi. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a kan tsarin da aka raɗa wa suna Mata Masu Dubara. Adashin kakanninmu ne aka yi wa gyara. A adashi kwasa ake yi bi da bi, ko kina da buƙata ranar ko babu. A nan kuwa mata wajen 25 ko 30 suna haɗuwa duk mako, kowace ta zuba abin da ta iya a akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban. Mai son sarin gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli ta ci bashi, ta biya da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a fasa akwati a raba uwa da riba. Gefe guda akwai asusun taimako, na ranar da naƙuda ta zo da gardama ko zazzaɓi ya kayar da yaro. Babu banki, babu jingina. Yau ana koyar da wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya da sunan Turanci, har wasu 'yan bokonmu na zaton daga waje aka kawo shi.

Ban ce akwati zai sauko da ruwan sama ba. Amma matar da aka koro, a ba ta tabarma da abincin mako guda a sallame ta, ai an nuna mata hanyar komawa ne. Masu riƙe da ƙananan hukumomi su zauna da shugabannin ƙungiyoyin nan, a biya wa duk wadda ta dawo zubin watanninta na farko. Gwamnati kuma, da tun wajen 2006 ta ce awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ta riƙa biyan asibitoci kuɗinsu a kan lokaci, don kada a ci gaba da miƙa wa uwa takarda a ce ta je kanti ta sayo.