Tsoka Ja Take Yi, Ba Ta Turawa

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya ya san igiya ja take yi, ba ta turawa. To, haka tsoka take. Iyakar aikinta ta takure ta ja ƙashi, sannan ta saki. Ba ta iya mayar da ƙashin inda yake. Shi ya sa tsokokin gaɓoɓinmu suke aiki bibbiyu: wannan ta ja, waccan ta mayar.

Gwada da kanka. Ɗora hannun hagu a kan damtsenka na dama, ka lanƙwasa gwiwar hannu. Ƙwanjin da ya taso ta gaba shi ne baisef. A daidai lokacin, tsokar baya, wato tiraisef, ta saki. Yanzu danna benci da tafin hannunka, za ka ji ta bayan ce ta yi tauri.

Mai daka tana ɗaga taɓarya da taimakon baisef, ta sauke ta cikin turmi da tiraisef. Haka ma saran fartanya. A cinya kuwa, tsokar gaba ce ke miƙe ƙafa idan za ka buga ƙwallo, ta baya ta lanƙwasa ta.

Wa ke raba musu aiki? Ƙwaƙwalwa da laka. Idan suka umarci ɗaya ta ja, sai su sa abokiyarta ta saki. Masanin Ingila Charles Sherrington, wanda ya samu kyautar Nobel a 1932, ya yi bincike a kan wannan tsari.

Akwai cutar da ke rushe tsarin, wato tetanus, mai sarƙe haƙora. Ƙwayarta tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, irin takin da muke kaiwa gona a kan jaki daga Bichi har Ɗambatta. Idan ta shiga ta rauni, gubarta tana toshe umarnin "saki", sai tsokokin biyu su ja tare. Muƙamuƙi ya ƙage, baya ya sandare, har takan kai ga rasa rai.

Don haka idan fartanya ta sare ka, ko ka taka ƙusa, kada ka zuba ƙasa ko toka a wurin. Wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka sanar da iyayenka, a je asibiti a tambayi allurar rigakafi a ranar.