Man da Ke Gina Ƙwaƙwalwar Yaro

Yau maganarmu a kan mai ce, watau man da ke cikin abinci.

Ku sani mai iri-iri ne. Akwai iri biyu waɗanda jiki ba ya iya yin su da kansa, sai an ci. Likitoci suna kiransu omega 6 da omega 3. A 1929 ne wani masani na Amurka, George Burr, da matarsa Mildred suka gano akwai irin wannan mai, bayan sun hana ɓeraye mai, suka ga sun daina girma.

To, in ka ci mai, ina yake zuwa? Idan ya isa ƙaramin hanji, sai ruwan matsarmama ya farfasa shi ƙanana-ƙanana, kamar yadda sabulu ke yi wa maiƙo. Sa'an nan hanji ya tsotse shi, ya bi jini har hanta.

A nan aikin yake. Omega 3 na tsiro, wanda ake kira ALA, kamar auduga yake. Abin da ƙwaƙwalwa da ido ke bukata kuwa, watau DHA, shi ne riga. Hanta ita ce masaƙi. Amma fa masaƙin nan ba shi da sauri. Sau da yawa ko kashi 5 cikin 100 na audugar ba ya zama riga. Jikin mace ya fi na namiji iya wannan aiki, amma duk da haka kaɗan ne.

Ga kuma wani abu. Masaƙi ɗaya ne ke yi wa omega 6 da omega 3 aiki. Man gyaɗa da riɗi suna da omega 6 da yawa, omega 3 kuwa kusan babu. In su kaɗai kake ci, sun tare ƙofar masaƙi ke nan.

Ba mu ce ku bar man gyaɗa ba, abinci ne mai kyau. Ku dai haɗa shi da waken suya, ko awara, domin man waken nan kusan kashi 7 cikin 100 nasa ALA ne. Zogale da alayyahu su ma suna da ɗan kaɗan. Kifi kuwa ɗinkakkiyar riga ce, ba ya jiran masaƙi. Na Gulbin Zamfara, ɗanye ko banda, yana taimako, sardin na gwangwani ya fi shi.

Maigida, da kai nake. Ƙwaƙwalwar ɗanka ta fi girma da sauri a watanni 3 na ƙarshen ciki da shekara 2 na farko, kuma daga jikin uwa da nononta take samun DHA. In ka sayo kifi ranar kasuwa, mai ciki da mai goyo su za a fara ba. Kada a ce sai abin da ya rage a akushi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.