In Akwatin Intanet na Jam'iyya Ya Ƙi Aiki

'Yan'uwa manoma, jam'iyyar gama kai a zamanin nan tana bukatar intanet kamar yadda take bukatar littafin ma'aji. Da shi ake cika takardar neman rance, da shi kuma ake jin farashin albasa da shinkafa kafin a ɗora kaya a mota. Wanda yake zaune a Tambuwal, a bakin babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, ba zai sha wuyar samun mai gyara ba. Amma jam'iyyar da take cikin ƙauyukan Kebbe, in akwatinta ya tsaya, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar buhu. Sau da yawa kuwa akwatin lafiyarsa lau. Abin da ake bukata shi ne a san inda hanya ta yanke.

Akwatin nan, wanda ake ce da shi rawuta, hanya biyu gare shi. Ta waje tana tafiya daga layin da ke cikinsa zuwa ƙarfen sabis na kamfani. Ta ciki kuwa daga akwatin take zuwa wayoyinku da kwamfuta. Waya tana iya nuna ta haɗu da akwati sarai, alhali hanyar waje a rufe take.

Ku fara da wuta

Ku kashe akwatin, ku dakata minti ɗaya, sa'an nan ku kunna. Batirin sola mai rauni yakan sa akwati ya riƙa mutuwa yana tashi. Zafi ma haka, gama a watan Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40 a ƙasar Sakkwato. Kada ku rataye shi dab da kwanon rufi. Ku sa shi a inuwa, a bisa, kusa da tagar da take fuskantar ƙarfen sabis.

Hanyar waje

Ku cire layin, ku sa shi cikin waya, ku danna *323# ku ga ko data ta ƙare. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta mai da wannan lamba ɗaya ga dukan kamfanoni. Ku danna *996# kuma domin ku ga ko an haɗa layin da lambar ɗan ƙasa. An ba da umarnin haɗawar a Disamba 2020, layukan da ba a haɗa ba kuwa an toshe su a 2024. Layin akwati shi ne aka fi mantawa da shi, gama ba a kira da shi.

Wani lokaci kuma laifin ba na gida ba ne. A Satumba 2021 an rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. A irin wannan hali ba mai gyaran da zai amfane ku. Saboda haka ku tambayi maƙwabci mai layin kamfani ɗaya da naku tukuna. Matambayi ba ya ɓata.

Hanyar ciki

A nan akwatin kamar sarkin kasuwa yake, shi ke ba kowa rumfarsa. Kowace waya ko kwamfuta da ta shigo, sai ya ba ta adireshi, watau lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. A shafin saiti sunan wannan aiki DHCP. Adireshin akwatin kansa galibi yana rubuce a ƙarƙashinsa, kamar 192.168.1.1, ko 192.168.0.1, ko 192.168.8.1. Lambobi uku na fari ɗaya ne ga dukan na'urorin gidan. Ta ƙarshe ce take bambanta, daga 1 zuwa 254.

Ku duba adireshin da kwamfuta ta samu. In ya fara da 169.254, akwati bai ba ta kome ba, ita ce ta ba kanta. Ku raba ta da akwatin, ku sāke haɗa ta, ku tabbata an bar ta ta karɓi adireshi da kanta.

Babbar rigima ita ce mutum biyu a rumfa ɗaya. Wani yakan rubuta wa kwamfuta adireshi da hannu, gobe akwati ya ba wata waya wannan lamba, sai dukansu su riƙa yankewa. Haka nan in aka jona akwati na biyu, su duka suna rabon adireshi. Ku kashe rabon a ɗaya, gama kasuwa ɗaya ba ta sarki biyu.

Firinta ita ce take bukatar rumfa ta dindindin, domin kwamfuta ta riƙa samunta wuri ɗaya kullum. In akwati yana rabawa daga 100 zuwa 200, ku ba firinta 20.

Gargaɗi

Akwai ɗan rami a bayan akwatin da ake sokawa da tsinke. Yana share kalmar sirri da dukan saitin da kuka yi, saboda haka shi ne na ƙarshe. A taronku mai zuwa ku zaɓi mutum ɗaya ya lura da akwatin. Magatakarda kuma ya rubuta lambar layin, da kalmar sirri, da adireshin firinta a bayan littafin jam'iyya.