Ko Kun Sani? Mashaya A Ɗakin Ajiye Gawa

Ko kun san cewa a ƙasar Tailan direban da aka kama a buge yana iya ƙarewa a ɗakin ajiye gawa da ransa da lafiyarsa? A shekarar 2016 hukumomin ƙasar suka fito da wannan horo gab da bikin Songkran: a tura mai laifi asibiti ya yi shara da goge-goge a tsakanin gawarwaki, ya gane wa idonsa abin da giya ke jawowa a kan titi.

Songkran bikin sabuwar shekara ne na gargajiya, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura. Jama'a na watsa wa juna ruwa, miliyoyi kuma na barin Bankok zuwa garuruwansu. Ga cunkoso, ga jiƙaƙƙen titi, ga maye. Shi ya sa gwamnati da kanta ke kiran makon "Kwanaki Bakwai Masu Haɗari". A bikin 2016 kaɗai mutum fiye da 400 suka mutu a kan hanya, kuma yawancin haɗurran na babura ne.

A lokacin bikin, ana rufe titunan Khao San da Silom na Bankok ga motoci saboda masu wasan ruwa, 'yan sanda kuma na kafa shingaye suna gwada numfashin direbobi. Ko fasinja ne kai, doka ta hana ka kurɓar giya a cikin mota.