Rabuwar Ƙwayar Halitta: Darasi Daga Gonakin Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ke bin magudanai zuwa gonakin Kura, Bunkure da Kadawa, inda ake noman shinkafa, alkama, albasa da tumatir rani da damina. Manoman yankin sun daɗe da lura da wani abu: wanda ya ajiye irin shinkafa FARO 44 ya sake shukawa zai girbi irin abin da ya shuka, amma wanda ya cire iri daga tumatir ɗin da ake kira haibirid sai ya tarar gonarsa ta fito barkatai. Dalilin yana cikin yadda ƙwayar halitta ke rabuwa.

Kowace shuka da dabba an gina ta ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A cikin cibiyar kowace ƙwaya akwai zaruruwa da ake kira kuromosom, masu ɗauke da bayanan gado. Albasa tana da 16, shinkafa da tumatir 24 kowannensu, alkama 42, ɗan Adam kuwa 46. Zaruruwan biyu-biyu suke, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa.

Rabuwa iri biyu ce. Ta farko ita ce maitosis, sunan da Walther Flemming na ƙasar Jamus ya sa mata a 1882. Ƙwaya takan fara kwafe kowane zare, sannan zaruruwan su yi kauri su jeru a tsakiya. Daga nan a ja kwafi ɗaya zuwa wannan gefe, ɗayan zuwa wancan, sai sabon bango ya raba tsakani. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu ke nan, kowace da adadi da bayanai irin na uwarta. Da wannan ne saiwa ke tsawo, rauni ke warkewa. Shi ya sa kuma rake ko rogo da aka dasa daga kara ba ya sauya hali. Malamin da ya ɗora albasa a bakin kofin ruwa zai sami saiwoyi cikin 'yan kwanaki; idan ya yanki tsinin saiwa, ya rina shi, ɗalibai za su ga matakan nan da idonsu a madubi.

Ta biyu ita ce mayosis, wadda a shuke-shuken gona ba ta faruwa sai a cikin fure. Ƙwaya takan kwafi zaruruwanta sau ɗaya amma ta rabu sau biyu, ta haifar da ƙwayoyi huɗu masu rabin adadi. A tumatir, 24 sun koma 12. Idan ƙwayar namiji ta haɗu da ta mace, adadin ya sake cika. Wajen wannan rabo ana cakuɗa gadon uba da na uwa: tagwayen zare 12 na iya rarrabuwa ta hanyoyi 4,096, ban da musayar gutsattsari da suke yi a tsakaninsu.

A tsarkakakken iri kamar FARO 44, wanda furensa ke barbarar kansa, zaren uba da na uwa kusan ɗaya suke, don haka cakuɗawar ba ta sauya komai. Shi kuwa haibirid ɗa ne ga iyaye biyu mabambanta. Zubin farko yakan fito bai ɗaya, amma 'ya'yansa kowanne da rabonsa: wani ƙanana, wani mai saurin ruɓewa, wani mai jinkirin nuna. Kwandon da ya haɗa irin waɗannan ba ya daraja a kasuwar Kwanar Gafan.

Saboda haka ɗalibin da ya fahimci bambancin rabuwar nan biyu yana da shawarar da zai kai gida: a ajiye tsarkakakken iri, a sayi haibirid sabo kowace shekara.